Rangadin Auduga da Gonar Iro

Mun tashi da asuba daga Katsina, ni da masinjan ofishinmu, kowa bisa kekensa, muka kama hanyar Batsari. Ni malamin gona ne, Baturen ofishinmu ne ya tura ni rangadi. Umurnin a rubuce yake: kowane magidanci ya ware gonar auduga, ya shuka ta a layi, ita kaɗai, ba gero ba wake a ciki. In ta nuna kuma ya kai ta kasuwar auduga a saya a kan farashin da hukuma ta yanka. Wanda ya ƙi, in kawo sunansa.

Damina ta kankama, hanya duk taɓo. Kafin azahar sau biyu muna saɓa kekuna a kafaɗa muna ƙetare rafi, har masinja ya ce da ya san shi zai goya keken, da jaki ya roƙa. Da la'asar muka shiga Batsari, muka tarar ana cin kasuwa. Na sha fura da nono na kwabo, na zauna wajen mahauta na ci tsire na sisi. Abin da na lura, babu wanda ya yanka wa mahautan nan farashi, amma ciniki na tafiya lafiya. Mai tsawwalawa yana nan yana korar ƙuda, mai sauƙi tuni ya wanke wuƙarsa ya tafi.

Washegari muka je Yasore tare da dogarin hakimi. Bayan doguwar gaisuwa aka zagaya da ni. Kowa ya shuka audugar a layi tsaf, sai dai a bakin hanya, a kan tsandaurin da ko akuya ba ta kiwo a kai. Wani tsoho ya yi mini bayani yana murmushi: "Ranka shi daɗe, wannan ta hukuma ce. Wadda muke ci tana can ciki." Na yi dariya na wuce, ban rubuta kowa ba.

A Tsaskiya ta ƙasar Safana ne na gamu da Iro. Tare muka yi elemantare. Ni na zarce midil, shi kuwa ubansa ya janye shi ya koma gona, kuma shekara da shekaru ina tausaya masa a raina. To ga Iro ya fito tarbata. Rumbu huɗu a gidansa, biyu ba a ko buɗe su ba tun bara. Garken tumaki, jakuna, ɗiyansa maza sun dawo daga noma suna durƙusawa suna gaishe shi. Ya sa aka yanka mini zabo, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Ina ci ina tuna ɗakin hayata na Katsina, da yadda nake zabura in miƙe tsaye in na ji takalmin Bature. Shi Iro, in ya ga dama ya kwanta a gindin ƙirya bayan azahar, babu mai tambayarsa dalili. Ban gama ci ba na tsame hannuna.

Muka shiga gonarsa. Audugar tana nan kore shar, amma a cakuɗe da gero da wake, yadda kakanninmu ke yi. Bai ma yi ta bakin hanyar ba. Ya kuma gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa masaƙan garin yake sayar wa, don sun fi ba ta daraja.

Na ce, "Iro, ka dai ji doka?"

Ya ce, "Na ji ta, Malam. Amma gonar nan kakana ya sare ta. In ruwa ya ɗauke auduga ta ƙone, gero da wake ke riƙe gida. Shi wanda ya rubuta takardar, zai zo ya ciyar da ɗiyana?"

Na zaro littafi na rubuta sunansa, har na ja layi a ƙarƙashi. Na san abin da ke biyo bayan haka: sammaci, tsayuwa gaban alƙali, da zubar girman magidanci a idon garinsa. Iro ya leƙa littafin, don bai mance karatu ba, ya ce, "Rubuta, aikinka ne. Amma mu koma ka ƙarasa zabon nan, an yanka shi dominka." Wannan ya fi mini ciwo a kan zagi.

A hanyar dawowa ta Safana, wani rafi ya kawo, muka zauna jiran ruwa ya janye. Nan na buɗe littafin. Mutanen Yasore sun yi wa dokar wayo na ƙyale su, shi da ya gaya mini gaskiya na kama. Na bincika zuciyata, ban sami kishin doka a ciki ba. Rumbunansa ne suka tsone mini ido.

Da muka iso Katsina na miƙa rahoto ba suna ko ɗaya, na rubuta cewa mutanen sun fi mu sanin ƙasarsu, a ba su iri mai kyau a bar su da kasuwarsu. Bature ya karanta, fuskarsa ta yi ja, ya ce ba shawara ya aike ni nema ba. Tun Litinin an mai da ni tsaron siton iri.

Abin da tafiyar ta koya mini, dokar da ta ba ɗan ma'aikaci iko a kan gonar mutum ba ta tambayar abin da ke zuciyar ma'aikacin. Ni da na san Iro tun muna yara, saura kaɗan in kai shi gaban alƙali saboda ya fi ni hatsi. Hukuma ta tsare hanya, ta kama ɓarawo, ta bar manomi da gonarsa.

Ƙyashin kuwa ba zan yi ƙarya in ce ya tafi ba. Ina zaune a ƙofar sito, hadari na haɗowa daga gabas, ina ta tunanin geronsa ya kusa fid da kai.