Waƙar Uwar Anti Lalita

Gidan da muka fara zama a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa, tsohon gidan katako ne da aka raba biyu, mu a hagu, ɗalibai 'yan haya a dama. Akwai murhun bulo a falo, amma mai gidan ya hana a hura shi. Sai Baba ya sayo hita ya ajiye a bakin murhun, Kaka kuwa ta sa mata suna wuta. Da sanyi ya shigo, ana gama cin abinci bayan magariba za ta ja tabarmarta kusa, ta miƙe ƙafa, ta ce, "Balki, kunna wutar nan." Ni da ƙanena mu zauna a gabanta.

Daga Maraɗi Kaka ta zo don ta riƙe mu, saboda Baba yana aikin sito a Wendover, Mama kuma tana kitso har yamma. Ba ta jin Turanci, mu kuma Hausarmu rabi da rabi ce. Lokacin tatsuniya ne kaɗai muke yin shiru mu saurare ta har ƙarshe. Za ta ce, "Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo ta zauna."

Shekarar da nake aji biyar, wata ɗaliba 'yar Indiya ta kama ɗaya ɓangaren gidan. Anti Lalita muke ce mata. Bangon da ke tsakaninmu ba shi da kauri, don haka kowace yamma muna jin abu ɗaya: muryar wani tsoho ta fara waƙa, a tsayar, muryarta ta bi, a sake mayarwa baya. Baiti ɗaya sai ta maimaita shi har mu haddace ba mu san ma'anarsa ba.

Ranar da na shiga wurinta ta taya ni aikin lissafi na ga abin da take yi. Faifai ne take sa wa kwamfuta. A gefe ɗaya ga tsohon malamin a zaune yana waƙa yana buga tafin hannu a cinya don riƙe kari. A ɗaya gefen ga kalmomin cikin rubutunsu mai lanƙwashe-lanƙwashe, ƙarƙashinsu da baƙaƙen Turanci, sannan fassara. Idan ta danna kalma sai malamin ya sake faɗinta a hankali. Ta ce waƙoƙin ibada ne na wani mawaƙin kudancin ƙasarsu da ya daɗe da rasuwa, kuma har yau da su ake koyon waƙa a can. Ta buga shafukan a takarda ta manna a jikin bango, duk ta cika su da fensir.

Baba bai so abin ba. Ya ce waƙar bautar wasu ce, kada ya sake jin muna bin ta da baki. Amma wata yamma, muna tsakiyar tatsuniya, waƙar ta tsaya sai muka ji kuka. Kaka ta ce in je in kira Anti Lalita.

Baba ya ce, "Inna, ina ruwanmu?"

Ta ce, "Ni ban ce zan yi waƙarsu ba. Ɗiyar mutane ce ke kuka bayan bangona."

Anti Lalita ta shigo ta zauna a bakin tabarma, ni kuma na zama tafinta. Ta ce mahaifiyarta tana can gida, ciwon mantuwa ya kama ta, ta yi watanni ba ta furta kalma ba. A da kullum da asuba tana yin waɗannan waƙoƙi. Ta yi ta fama da Lalita ta koya tun tana ƙarama, ita kuwa ta ƙi. Yanzu takardunta na izinin zama ba za su bar ta ta je ta dawo ba, shi ya sa take so ta yi wa uwar waƙa ɗaya ta waya. Sai dai yadda malamin faifai yake juya muryarsa a baiti na uku ba haka uwarta take yi ba, ita kuma ta manta yadda uwar take yi. Ta nemo wasu faya-fayan, kowane da nasa salon. Ta ce ba za ta kira ta yi wa mai ciwo waƙa a karkace ba.

Kaka ta saurara, ta gyara ɗankwalinta, ta ce mini, "Waccan tatsuniyar mun bar ta sai gobe. Ga wata. Ki faɗa mata daidai, kada ki rage."

Wai a wani gari akwai rijiya da ruwanta ba ya tasowa sai an yi mata waƙa, kuma tsohuwa ɗaya ce ta san waƙar daga farko har ƙarshe. Da mijin tsohuwar ya rasu sai ta shiga ɗaki ta juya fuska bango ta daina magana. Ruwa ya yi ta ja da baya har guga ya koma fitowa da laka. Aka kai mata goro, aka kai zane, dattawa suka durƙusa a ƙofarta, ko tari ba ta yi ba. Masu daɗin murya kuwa kowa ya ce shi ba zai fara ba tunda bai san ta duka ba, kada a yi masa dariya.

To akwai wata yarinya mai murya kamar ta kwaɗo. Ta ɗauko turminta ta girke a bayan ɗakin tsohuwar, tana daka tana waƙar rijiya yadda ta ga dama. Inda ake cewa hadari ta ce akuya. Inda ake ja ta datse. Ta yi yau, ta yi gobe, ta yi jibi. Nan Kaka ta ɗaga murya ta buga tabarma: "Sai ƙyaure ya buɗe, bam! Tsohuwa ta ce, 'Ke! Wa ya koya miki wagga ɓarna?'" Ta rera mata baitin daidai. Yarinya ta ɗauki tulu ta kama hanya, ta shiga baiti na biyu ta ɓata shi. Tsohuwa ta biyo ta tana faɗa tana gyarawa. Haka suka yi ta tafiya, wannan na ɓatawa waccan na gyarawa, ba su ankara ba sai da ruwa ya jiƙa musu ƙafa a bakin rijiya.

Ƙanena ya tambaya da Turanci ko da gangan yarinyar take ɓatawa. Na fassara. Kaka ta ce, "Ban sani ba, ban tambaye ta ba. Ku tashi ku yi alwala."

Anti Lalita ta yi dariya tana share ido. Ta ce uwarta ma haka take, ba ta iya jin kuskure ta yi shiru.

Ranar Lahadi da safe ta kira, babanta ya kara wa uwar waya a kunne, ta yi waƙar yadda malamin faifai ya koya mata. Uwar ba ta ce komai ba. Lahadi ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kowace Litinin Kaka sai ta tura ni in tambayo, in dawo in ce shiru, ta ce, "To." A mako na biyar muna karyawa aka buga ƙofa. Anti Lalita ce, ko takalmi babu, da takarda a hannu. Ta ce tana kai wa baiti na uku uwar ta ce, "Ba nan ake numfashi ba," ta rera layin da kanta, ta shiga na gaba ta tsaya a rabi. Ba ta kira sunanta ba, ba ta ƙara cewa komai ba. Ta nuna wa Kaka inda ta sa alama da fensir. Kaka ta riƙe takardar a juye tana gyaɗa kai. Baba ya miƙa wa Anti Lalita kujera, ya zuba mata shayi.

Uwar ta rasu kafin a yi hutun ƙarshen shekarar karatu. Anti Lalita ta gama karatunta ta koma wata jiha, ban sake jin labarinta ba.

Na daɗe ina ɗaukan tatsuniyar nan a matsayin labarin dabara. Sai da Kaka ta koma Maraɗi na shiga jami'a na gane ni ma ina cikin masu jiran su iya kafin su buɗe baki. Hausata ta zube, ina jin kunyar kiranta. Na cika wayata da darussa da bidiyo da ƙamus, ina cewa bari in gyara tukuna. Abubuwan sun amfane ni, kamar yadda faifai ya ba Anti Lalita abin da za ta fara da shi. Amma wata bakwai suka wuce ban ji muryar kakata ba, ita kuma tana ƙara tsufa.

Ranar da na daure na kira, bakina ya suɓuce na ce, "Kaka, kana lafiya?"

Ta ce, "Kana? Namiji na koma bayan na baro ku?"

Mun fi awa guda a waya ranar. Yawancin Hausar da nake rubutu da ita yanzu daga faɗanta na same ta. Shekarar da za ta rasu na tambaye ta ko da gaske a Maraɗi ta ji tatsuniyar rijiya, ko kuwa a falonmu ta ƙirƙiro ta don baƙuwarmu. Ta ce ba "kirkiro" ake cewa ba, ta sa na maimaita kalmar har sau huɗu sai da ta fito daga maƙogwaro. Da na iya sai ta ce madalla, ta tambaye ni ko na ci abinci.