Sufeton Ruwan da Ba Wanda Ya Naɗa

Wata uku bayan na yi ritaya, likita ya duba takardar gwajin jinina, ya girgiza kai irin girgizar da na shekara talatin da biyar ina yi wa takardun jarrabawa. Sukari ya hau. Ya ba ni wata biyu: in riƙa tafiyar ƙafa ta minti arba'in kowace safiya, in rubuta mintocin a littafi, ban da na tsayuwa, in kawo masa. Idan sukarin bai sauka ba, sai allura, kullum, kuma ni zan riƙa yi wa kaina. Ni da na sha daka wa yara tsawa a layin rigakafi, ban taɓa gaya wa kowa cewa ko ganin allura ba na iya yi ba.

"Tafiya zuwa ina?" in ji maiɗakina.

"Ba ko'ina. Tafiya kawai."

"To Malam, ka dai bi ta bayan gari, kada a gan ka."

Ta fi ni sanin garinmu. A nan tsakanin Kura da Bunkure, mutum ba ya tafiya don tafiya. Ko gona za shi, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. Wanda ya fita ba inda ya nufa, danginsa sai su fara nema masa rubutun sha.

Ranar farko ban kai kantin magani ba, babur ya ci burki a gabana. Tsohon ɗalibina ne, yanzu dillalin tumatir, har da furfura a gemu.

"Sa! Kai ne a ƙasa? Muna raye?"

"Motsa jiki nake yi."

"Subhanallahi! Hau, Sa."

"Likita ne ya ce…"

"Sai in kai ka wajen likitan."

Ya roƙe ni don Allah kada in ja masa abin faɗa: idan ya wuce ni, kafin azahar gari ya ɗauka wane ya bar malaminsa a rana. Na hau. Ya tambaye ni inda za ni, na ce ba ko'ina, ya mayar da ni gida. Na rubuta: minti huɗu.

Maiɗakina ta ce matsalar rashin dalili ce, sai ta fara aike na. Yau daddawa, gobe gyaran rediyo, jibi karɓo ɗinki. Abin ya ƙara lalacewa. Wanda ya yi hedimasta a gari ɗaya tsawon rayuwarsa, duk mai babur ɗalibinsa ne. Ana karɓe saƙon, a ɗora ni a baya, ni da daddawa mu iso gida tare. Mako biyu suka wuce, babbar tafiyata minti tara.

Sai na koma bakin ƙaramin kanal na ban ruwan gonaki, inda hanyar ta yi wa babur siriri. Rani ne, ko'ina albasa da alkama da tumatir. A nan ba mai ɗauka ta, amma kowa sai ya tsayar da ni mu gaisa har kan jikoki, sannan ya ɗora mini kyauta. Mai ciwon sukari, ina dawowa gida da rake a kafaɗa. Da yake likita ya ce ban da tsayuwa, duk inda aka tsayar da ni sai in duba agogo, in zaro jan birona in rubuta.

Ruwan kanal bi da bi ake sha, kowane layin gonaki da lokacinsa. Haka yake a takarda. A ƙasa kuwa, na sama su datse shi da buhunan ƙasa, su ƙara tiyo biyu a kan nasu, na ƙarshen layi su samu abin da ya rage, in ya rage. Kowa ya sani, kuma sahu ɗaya ake tsayawa a masallaci.

Wata safiya na tsaya gyara takalmi daidai kan wasu buhuna, na duba agogo, na rubuta. Mai gonar, wanda na taɓa naɗawa monita, ya jefar da shebur ya taho da gudu.

"Sa, wallahi yanzu zan cire su. Kada ka sa sunana."

"Sunanka a ina? Lokaci nake rubutawa."

"Ai ban daɗe da datsewa ba, Sa!"

A lokacin na gane. Duk mutanen nan sun taso suna gani na a ƙofar makaranta da agogo da jan biro, kuma sun san abin da ke biyo baya. Jikinsu bai manta ba.

Kafin Juma'a gari ya gama yanke hukunci: ofishin ruwa ya naɗa ni sufeto a ɓoye. Na ƙaryata a ƙofar masallaci, wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Ai dama na ɓoye ba zai ce shi ne ba." Daga nan gaisuwa ta koma "Barka da aiki, Sa," daga nesa. Rake ya ɗauke, kada a ce cin hanci ne. Masu babur ma suka fara kawar da kai, don ba mai son a ce shi ya kai sufeto gonar maƙwabcinsa. Buhuna kan ɓace kafin in iso. Karo na farko na yi minti arba'in cif, ba wanda ya taimake ni.

A ƙarshen layi akwai wani tsoho, abokina tun muna makarantar allo, wanda ya san sirrina ba sai na faɗa ba. Na tarar da shi tsugune yana kallon ruwa na shiga albasarsa.

"Kai, tsohon banza," in ji shi. "Ni na san ba wanda ya naɗa ka. Wa zai naɗa mai tsoron allura?"

"To ka taya ni gaya musu."

"In gaya wa wa? Shekara nawa rabon da in ga ruwa da safe? Ka rufe mini baki har in cire albasa."

Na koya wa yara gaskiya shekara da shekaru, har da bulala. Ranar na auna gaskiyar da allura, na ƙara da albasar abokina, na ga ai na riga na faɗe ta sau ɗaya a bainar jama'a. Ban ga dalilin maimaita darasin da aji ya ƙi ɗauka ba.

Da wata biyu suka cika, likita ya duba sabon gwaji, ya ce ba sai an yi allura ba, muddin ban daina tafiyar ba. Rubutun kuwa, in ji shi, ya isa haka, ya yarda da ni.

A hanyar gida na sayi sabon littafi, mai kauri, da jan biro biyu.

Washegari ina ɗaura agogo, maiɗakina ta leƙo daga madafi.

"Sufeto, in ka taso daga aiki ka biyo mini da daddawa."

Da ƙafata na kawo ta.