Ruwan da aka hana Gwaggo

Har yau in na ji jama'a sun miƙe a majami'a suna maimaita Shaidar Bangaskiya baki ɗaya, sai in ɗinke bakina. Dalilin kuwa Gwaggo ce, yayar mahaifina.

Daga wani ƙauye kusa da Hamdara ta dawo wurina a Damagaram bayan mijinta ya rasu, da buhun gyaɗa ɗaya da ciwon gwiwa. Ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Da tsufanta ta bi Almasihu, ba wanda ya ja ta. Karatun Littafi Mai Tsarki na sa mata a salula don ya ɗebe mata kewa in na tafi shagon ɗinki, sai ta riƙe shi kamar ta haɗiye. Tana ɓare gyaɗa tana amsa wa mai karatun, wani lokaci har ta riga shi. Abu ɗaya take so kafin ta mutu, a yi mata baftisma.

A ikilisiyarmu sau ɗaya ake yi a shekara, bayan damina, lokacin da tabki yake da ruwa. Kafin nan sai ka ci jarrabawa gaban wani dattijo, tsohon malamin lakwal da kowa ke ce wa Mushe. Yana da ɗan littafi mai shuɗin bango da komitin ikilisiya ya rubuta, Shaidar Bangaskiya a farko, tambayoyi da amsoshi a bayanta. Sai ka kawo su daki-daki, ko wasali kada ya goce.

Gwaggo ta faɗi jarrabawar sau biyu. Takan ta da Yesu daga matattu tun ba a binne shi ba, don ɗoki. In Mushe ya yi tambaya, maimakon amsar da ke rubuce sai ta kawo masa labarin matar nan da ta taɓa bakin riga ta warke, tiryan-tiryan. Shi kuwa ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Inna, ba shi na tambaye ki ba. Sai baɗi."

Sai baɗi! Ga tsohuwar da ta haura saba'in. Na tsani kalmar nan, na kuma tsani yadda yake faɗinta yana rufe bironsa.

A shekara ta uku ciwo ya kwantar da ita tun kafin gero ya fid da kai. Da na kai ta asibiti, lokotoro ya ce mu koma gida da ita. Na ɗauki Littafina na tafi gidan Mushe da hantsi, na same shi a zaure yana shan shayi. Na buɗe masa inda baƙon nan na Habasha ya ga ruwa a bakin hanya, ya nemi baftisma, aka yi masa nan take.

Na ce, "Mushe, ku nuna mini wace jarrabawa ya ci."

Ya ce, "Wancan zamanin manzanni ne. Ikilisiya tana da tsari, 'yata. In muka buɗe wa ɗaya, gobe kowa ya shigo da abin da ya ga dama."

"To ku nuna mini tsarin a cikin nan."

Bai nuna ba. Ya karɓi Littafin daga hannuna, ya rufe, ya ajiye a tabarma, ya ɗora ɗan shuɗin littafinsa a kai, ya ɗora tabaraunsa a kan duka biyun. Ya ce zai kai maganar gaban komiti ƙarshen wata. Na ce masa mutuwa ba ta zaman komiti. Na ce shi da littafinsa da aka buga a bayan kasuwa sun tare ƙofar da ba su suka gina ba. Na zare nawa daga ƙasa, tabaraun ya faɗi, ban ɗauka ba.

Da na dawo Gwaggo ta karanta fuskata. Ta nuna randa da haɓa.

"Ke 'yar nan, ba ga ruwa ba? Zuba mini mana."

Nan ne inda fushina yake juyowa kaina. Ni da na gama zage dattijo a zaurensa, sai ga shi na kasa ɗebo ruwan. Ni mace, ba fasto ba, ba 'yar komiti ba. A ƙarshen ɗan littafin nan an rubuta wanda ya isa ya yi baftisma, kuma na haddace shi tun ina yarinya, na ci jarrabawar da yabo. Na ce, "Gwaggo, bari mu ga ƙarshen wata." Ta ce to. Ba ta ƙara tambaya ba.

Kwana tara ta yi. Ranar Talata da la'asar ta cika.

A bakin kabari Mushe ne ya ja Shaidar Bangaskiya, muryarsa ta fi ta kowa, bai tsallake ko wasali ba. Ban so shi ba a ranar, ban kuma koyi son sa ba har shi ma ya rasu. Amma shi bai shiga ɗakin wankan gawa ba. Ni na shiga. Famfon unguwarmu ya kwana uku bai kawo ba, sai randar nan tata na ɗiba. Da ƙwarya na zuba mata, tun daga ka har ƙafa, sau uku, ba wanda ya tambaye ni izinin wa na samu.