Mai Kallon Fankoki

Ina zaune a bencin shagon bakin hanya sai ga wani mutum ya fito daga mota: farar riga ko ɗigon datti babu, baƙin tabarau, tumbi na gaba yana biye. Ko sallama bai yi ba. Idonsa na kan tudu, inda dogayen fankokin nan masu samar da lantarki ke juyawa a jere, farare tas.

"Kai, dubi kyau!" yake ta faɗa, waya a sama. "Ku fa kun more, kullum kuna kallon wannan kyauta!"

Da ganin tafin hannunsa ka san bai taɓa jan igiyar janareta ba. Irin mutanen nan ne masu danna bango haske ya zo. Wutar fankokin ta saman rufinmu take wucewa zuwa birni, ƙila har ɗakin kwanansa. Mu dai namu ido, sai ƙugin da ke hana yara barci.

Ya juyo yana yamutsa fuska. "Mama, kashe janaretan nan mana, yana ɓata min bidiyo."

Tsohuwa mai shagon ta miƙe da ƙyar ta kashe. Firji ya yi tsit. Shi kuwa ya yi ta ɗauka yana sakewa har rana ta karkata, sannan ya dawo yana sharce gumi.

"A ba ni ruwa mai sanyi."

Ya kurɓa, ya furzar. "Wannan ai ɗumi ne!"

"Ɗana," ta ce, tana nuna tudun da haɓa, "ga kyau can. Je ka sha."