Ƙahon Yaya Guilan Ba Ya Baƙi

Duk wanda ya tashi a lungunmu na birnin Baoding ya san Yaya Guilan mai ƙaho. Rumfar taliyata tana jikin shagonta, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Wajen uwarta ta gaji sana'ar. Za ka kwanta rub da ciki, ta bi gefen ƙashin bayanka da babban yatsa, dama da hagu, tana laluben abin da masu maganin gargajiyarmu ke kira hanyar mafitsara, wadda ta taso daga lungun ido, ta haura kai, ta gangaro baya har ƙaramin yatsan ƙafa. A nan aka ce sanyi da dattin jiki suke taruwa. Sai ta zura wuta cikin kofin gilashi, ta zare, ta kifa shi ya kama fata. Ba ta barinsa ya daɗe. Da wurin ya yi ja-ja sai ta cire, ta ce ka sha ruwan ɗumi, ban da wanka yau. Da wannan hannun ta aurar da 'ya'ya, ta riƙe mijinta, Tsoho Meng, tun da masana'antar kekuna ta sallame shi. Shi kuwa ba shi da aiki sai dara a gindin bishiya.

Kwatsam sai ga sabon shago a bakin titi, fitilu tar, ma'aikata cikin fararen riguna. Su da famfo suke zuƙe iska, su bar kofi har fata ta yi baƙi ƙirin, sannan su ɗauki hoto su nuna maka: "Ka ga gubar da kake yawo da ita?" Mutanenmu kuma, abin haushi, suka koma gasar baƙin baya. Wanda nasa ya fi muni shi ne ya more.

Da kunnena na ji wata da ta daɗe tana zuwa wurinta tana ce mata, "Yaya, naki fa ba ya fitar da komai. Ki ƙara matsawa mana."

"Ƙanwata, wannan baƙin ba guba ba ne, jini ne ya kwanta. Ko jaririn jiya aka matsa wa haka, baƙi zai yi."

Matar ta suri jakarta ta tsallaka titi.

Na ce, "Yaya, ki ba su baƙin mana, tunda shi suke so." Ta harare ni. "Kai za ka juye wa mutum kwanon gishiri a miya don ya ce bai ji a bakinsa ba?" Bencinta ya zama wayam, amma takan ce muddin bayan mijinta yana nan, hannunta ba zai mutu ba. Duk tsakiyar zafi, lokacin da jiki ya fi buɗewa, ita take yi masa.

Bana zafin ya zo da ƙarfinsa. Maza duk sun naɗe riga zuwa hammata, tumbi a waje. Tsoho Meng kaɗai ke zaune a rufe ruf, gumi na ɗiga kan dara. Abokansa suna ta tsokana: "Meng, da tsufanka ka fara kunyar tumbi?" In Guilan ta ce ya zo a yi ƙahon bana, sai ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi.

Ranar da asiri ya tonu ina wurin, na kai musu taliyar rana. Ya miƙe zai karɓi kwano, sai ga riga ta manne masa a baya, ta jiƙe da ruwan ciwo. Guilan ta ɗaga. Layi biyu ne na baƙaƙen tabo daga kafaɗa har ƙugu, wasu sun yi bororo sun fashe, har sun fara ɗoyi. Ashe ya tsallaka titi shi ma.

Ba ta yi faɗa ba. "Kwanta, tsoho," kawai ta ce. Ta dafa ruwa, ta ɗauko auduga da magani, tana gogewa a hankali. Ni ne na tsaya a kansu ina ta zagin mutanen bakin titi.

Sai shi, fuska cikin matashi, ya ce, "Daina zaginsu, mai taliya, su ai sun yi aiki. Tsohuwa, kin ga abin da suka fitar? Shekara da shekaru yana jikina, ke kina ta shafa ni kamar mai lallashin kyanwa."

Na rantse saura kaɗan in kifa masa kwanon a ka. Guilan kuwa ta gama ɗaure ciwon tsaf, ta sauke masa riga, ta wanke hannu. "Kada ka kwanta a kansa," in ji ta.

Ta yi jinyarsa har ya warke sarai. Yanzu yana gindin bishiya yana nuna wa kowa tabon, yana kwatanta musu inda za su je. Ita kuwa tun daga ranar ba ta sake kunna wutar ƙaho a shagon ba.