Ɗigon da Ke Ƙarƙashin A-kori-kurata

A Aujara, lokacin sanyi, Iya, mahaifiyar babanmu, takan hura wutar kara a tsakar gida bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa a toka. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai wata guda da in za ta yi, sai ta janye ƙafafunta daga bakin wuta ta rage murya, ni kuwa tun daga nan nake matsawa jikinta.

Labarin wani bafatake ne da zai ƙetare dajin kwana uku, salkarsa tana ɗiga. A ƙauyen ƙarshe baduku ya ce ya tsaya a ɗinke masa, ya ce sauri yake yi, ya ɗaure wurin da kaba. Ranar farko ya waiwaya, ya ga wani abu baƙi, bai fi ɗan kyanwa ba, yana bin sawunsa yana lashe ɗigon. Ya yi dariya, ya ƙara ɗauri. Rana ta biyu abin ya kai akuya. Ta uku ya kai maraƙi, ya kuma daina ɓuya.

"Da salka ta bushe," in ji Iya, "sai abin ya matso ya ce, kai ka yi kiwona, ai ba ka bar ni da ƙishirwa ba. Saura ruwan jikinka."

A nan Iya take tsayawa. Duk magiyarmu ba ta ƙarawa, sai dai ta ce a kashe wuta.

Bara, a gidana na Takur a Dutse, na fara ganin ɗigo a ƙarƙashin a-kori-kurata. Tiyon hita, mai ɗumama cikin mota, ne ya tsufa ya tsage. Ni da taurin kai, na ce wa ya taɓa kunna hita a Dutse? Na yanko robar cikin taya na naɗe shi. Sau uku ina yin haka ina jin kaina gwani, alhali maiɗakina Hadiza tana watan haihuwa, kuma ba mu da abin zuwa asibiti sai motar nan.

Wata safiya na durƙusa, na tarar ɗigon da dā bai fi kwabo ba ya kai faɗin faifai. Wallahi sai da na waiwaya.

Na kai wa Malam Idi bakanike. Ya ce ko ba a kunna hita ba, ruwan lagireto yana bi ta tiyon nan, in ya tsiyaye inji ya ƙone. Ya kwance maɗaurinsa, ya ja, sai tiyon ya rabu biyu a hannunsa kamar dafaffiyar kabewa. Ya sa sabo.

Kwana biyu bayan nan naƙuda ta tashi da azahar. Ina tuƙi, Hadiza tana salati, idona yana kan allurar zafin inji, ba ta motsa ba har ƙofar asibiti. Iya ta daɗe da rasuwa, amma a kan hanyar nan na ji muryarta, tsoron yarintata ya dawo min sabo. Bafataken Iya shi kaɗai abin ya tarar a daji. Ni kuwa abin da na yi makonni ina kiwo, da ya cim mini a ranar, rai biyu zai tarar a kujerar gefena.