Ciwon da Ke Sauka

Duk wanda ya san tsohon garin Maradun kafin ruwan madatsar Bakolori ya hau kansa, ya san Mainasara mai albasa. Dogo ne siriri, ga taurin kai kamar a kasuwa ya sayo shi. Matarsa Kubura takan ce tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa jin ya ce wayyo ba. Kunama ta taɓa harbinsa a fadama, ya murje ta da diddige ya ci gaba da dashe. Mutane suka yi ta yaba masa, shi kuma ya ɗauki yabon ya aza a ka.

Da aka datse kogi, ruwa ya cinye fadamar da ya gada. Aka kwashe su zuwa wani tudu mai tsakuwa, inda ko kuɓewa sai ta yi shawara kafin ta tsiro. A shekarun nan Mainasara ya koma ɗan zaman jira, kullum ana cewa gonar diyya na nan tafe. Ciwon kai ya aure shi, jijiyar wuyansa tana harbawa har Kubura na hangowa. In ta ce ya je a auna shi, sai ya ce ɓacin rai ne, kuma ba a auna ɓacin rai.

Daga baya wani ɗan'uwansa a Talata Mafara ya ara masa 'yar gona a filin noman rani, suka tattara suka koma can. Ruwan wurin daga madatsar Bakolori yake zuwa, kuma na layi ne. Ranar da aka sako wa ɓangarenku, kai za ka buɗe bakin kwatarka, in gona ta sha ka rufe. Mainasara ya dasa albasa, Kubura ta sake jin dariyarsa.

Ranar ruwansu da hantsi, ya sunkuya ya ɗaga ƙarfen da ke tare bakin kwata. Ruwa ya shiga, shi kuma ya ji wani abu ya yage a ƙirjinsa ya ɓullo tsakanin kafaɗu. Maƙwabtan gona suka yar da fartanyoyinsu, suka ɗauko shi zuwa gida, gumi na zuba kamar an tsamo shi a kogi.

"Malam, mi yas same ka?" in ji Kubura. "A nemo mota mu tai asibiti."

"Ba komi, baya na ar riƙe. A kira min Malami wanzami."

Malami ya zo da zabirarsa, ya tsaga, ya kafa ƙaho tsakanin kafaɗun. Kafin azahar ciwon ya bar wurin ya koma tsakiyar baya.

"Alhamdu lillahi," in ji Malami. "Ciwo ya kama hanya. Shina sauka, ta ƙahwa za shi hita."

Ba wanda ya musa. A wurinsu ciwon da ke hawa ne abin tsoro, mai sauka kuwa sallama yake yi. Malami ya cire ƙahon ya bi ciwon ƙasa. Da la'asar ya kai ƙugu. Don murna Kubura ta ɗebo gero daga ɗan abin da ya rage musu, ta rabar sadaka. Sai da ƙafar hagu ta yi sanyi ƙalau, Mainasara ya kasa motsa ta, fuskarsa ta yi fari fat, sannan aka tare motar tumatir mai zuwa Gusau.

A asibiti likita ya auna jininsa a hannun dama da na hagu, ya ga ba su zo ɗaya ba. Aka ɗauki hoton ƙirji. Sai ya kira Kubura gefe ya yi mata bayani. Akwai babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya, ta bi jikin ƙashin baya ta gangara ciki, ta rabu zuwa ƙafafu. Bangonta kamar riga mai shafi yake. Hawan jinin da ya daɗe da shi ne ya ci ƙarfin shafin har ya tsage, jini ya kutsa tsakanin shafi da riga yana ɓarka su.

"Baba, saukar nan da kuka gani, yagewar ce take ƙara tsawo," in ji shi. "Aiki ne babba, ba mu da kayansa a nan."

"Da mun zo tun sahe hwa?"

"Da mun rage ƙarfin bugun jinin, wataƙila ya ja lokaci. Allah ne masani."

Kubura ba ta ji haushin Malami ba, abin da ubansa ya koya masa ya yi. Haushin Mainasara ta ji, mutumin da ya gwammace a yaba masa da a cece shi. Abin da ya fi ci mata rai kuwa geron nan ne. Jijiyar mijinta tana yagewa, ita tana bin gidaje da ƙwarya tana godiya.

Washegari da hantsi ya buɗe ido ya dube ta.

"Kubura, an ruhe ruwan?"

"An ruhe, Malam."

Ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta. Bai kai azahar ba.

Ba ta san ko an rufe ba, ta dai faɗa ne. Bayan sadakar uku ɗan'uwan nan mai gona ya shigo yi mata gaisuwa, ta tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata gaskiya. Ranar kowa ta ɗaukar Mainasara yake, ba wanda ya waiwayi kwata. Ruwa ya wuni yana kwarara, ya tumɓuke dashen kaf, ya tara shi a gindin gona ya ruɓe. Sau biyu ke nan ruwan Bakolori yana cin gonar Mainasara, na biyun kuma da hannunsa ya buɗe masa.